Maurice Ravel da kiɗan Boléro: ina gwanintar take?

Tambaya: Wani ɗalibi daga Damagaram ya rubuto cewa a ajin Faransanci an sa musu wani kiɗa mai suna Boléro, aka ce yana cikin kiɗe-kiɗen Faransa da suka fi shahara a duniya, amma shi abin da ya ji kari ɗaya ne ake ta maimaitawa har kusan rubu'in awa. Yana son ya san wanda ya tsara shi, da yadda rayuwarsa ta kasance, da kuma inda gwanintar take.

Amsa: Ɗan'uwa, kunnenka bai yi maka ƙarya ba, domin maimaici ne ginshiƙin wannan kiɗa tun daga farkonsa har ƙarshensa, kuma wanda ya tsara shi, Maurice Ravel, bai taɓa ɓoye haka ba. A wata hira da aka yi da shi a 1931 ya bayyana cewa gwaji ne ya yi a cikin wata hanya ƙuntatacciya, kuma kada a nemi abin da bai yi niyyar sawa a ciki ba. Sai dai kafin a shiga bayanin gwajin, ya kamata a san matsayin irin wannan mutum a al'adar kiɗan Turai. Mai tsara kiɗa ba lallai ne ya hau dandamali ya kaɗa ko ya rera ba. Aikinsa shi ne ya zauna da takarda da alƙalami ya rubuta wa kowane makaɗi abin da zai busa ko ya kaɗa, da lokacin da zai shigo, da ƙarfin da zai yi amfani da shi, ta yadda makaɗa tamanin da ba su taɓa ganinsa ba za su iya fito da abin da ya ji a cikin kansa. A wannan sana'a ta raba aiki tsakanin kayan kiɗa, masana sun haɗu a kan cewa kaɗan ne suka kamo ƙafar Ravel, kuma Boléro shi ne wurin da ya tsiraita sana'ar, ya kawar da duk wani abu da zai ɗauke hankalin mai sauraro daga gare ta.

Idan za ka sake saurare, ka fara da mai ƙaramar ganga, irin wadda ake kaɗawa a faretin soja. Shi ke buɗe kiɗan, a hankali ƙwarai har sai ka kasa kunne kafin ka ji shi, da wani salon bugu mai gaɓa biyu (gaɓa ita ce ɗan ma'aunin lokaci da ake raba kiɗa da shi) wanda zai maimaita sau 169 ba tare da ya sauya ko ya ƙara sauri ba. A kan wannan bugu ne kari biyu suke karɓa-karɓa. Na farko a sarari yake, yana tafiya a natse. Na biyu yana farawa daga sama, ya nace a kan sauti ɗaya kamar mai kuka, sannan ya gangaro yana lanƙwasa har ƙasa. Ravel da kansa ya ce ya yi su ne a kan salon waƙoƙin gargajiya na Sifaniya masu jinin Larabawa, abin da ba zai ba wanda ya san tarihin Andalus mamaki ba. Ana yin na farko sau biyu, na biyu sau biyu, a koma haka har zagaye huɗu, sannan a yi kowanne sau ɗaya a rufe, jimla shigowa 18.

Abin da ke sauyawa a kowace shigowa shi ne bakin da ke faɗin karin. Sarewa ce ke fara ɗauka ita kaɗai, a ƙananan sautukanta masu taushi. Sai kilarinet, wata abar busa ta katako, ta karɓa, sai basun, wanda bututu ne mai kauri da ya saba da ƙasa amma aka tilasta masa hawa sama har muryarsa ta yi siriri, sai ƙaramar kilarinet mai kaifi, sai wani tsohon nau'in obo, dangin algaita, wanda aka daɗe da jingine shi tun zamanin Bach, mai tsara kiɗa Bajamushe na ƙarni na 18. Daga nan Ravel ya fara haɗa launuka: ƙaho da aka toshe wa baki tare da sarewa, sannan saksofon, wadda a 1928 baƙuwa ce a cikin manyan makaɗa domin an fi saninta a gidajen rawa. Shigowa ta tara ita ce na fi so ka tsaya a kanta. A nan ƙahon Faransa ne ke riƙe da karin, amma ƙananan sarewa biyu suna bin sa a sama, kowace a kan matakin sauti dabam da nasa, ga kuma wani ɗan fiyano mai ƙarar ƙararrawa da ake kira selesta yana yayyafa haske a kai. A bisa ƙa'ida ya kamata wannan ya yi karo a kunne, amma Ravel ya zaɓi matakan da tun asali suke ɓoye a cikin kowane sauti idan ya yi amo, saboda haka mai sauraro ba ya jin makaɗa huɗu, sai ya ji kamar wani sabon kayan kiɗa guda ɗaya da babu shi a duniya. Bayan shigowa biyu kuma turombon, wani dogon ƙaho na tagulla, zai tashi shi kaɗai a can ƙololuwar muryarsa, yana zamewa daga sauti zuwa sauti irin na makaɗan jaz, bayan mai busa shi ya daɗe a zaune yana jira bakinsa ya huce. Har yau wannan wuri yana cikin abubuwan da ake jarraba masu busa turombon da su idan suna neman aiki. Masu goge kuwa, waɗanda su ne sarakunan kowace ƙungiyar makaɗa, Ravel ya hana su karin har kiɗan ya wuce rabi, suna ta tsinkar tsirkiya da yatsa kawai, don haka idan suka ɗauka daga baya sai ka ji ɗakin ya buɗe.

Duk wannan tafiya a kan tushen sauti ɗaya ake yin ta, ƙarfi yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan, har kunne ya saba ya daina tsammanin wani abu. Dab da ƙarshe sai kiɗan gaba ɗaya ya yi tsalle zuwa wani tushe na dabam na tsawon gaɓa takwas kacal, ya dawo, turombon suna gurnani, manyan ganguna da faifan tagulla suna rugugi, sannan komai ya rushe lokaci guda. Waccan 'yar sauyawa abu ce da masu tsara kiɗa suke yi sau goma a cikin minti ɗaya ba wanda ya kula, amma saboda an hana ka ita na minti goma sha huɗu, idan ta zo sai ta girgiza ka. Mu da muka tashi da kiɗan fada mun san wannan dabara ta wata fuskar: taushi ko kotso yana riƙe da bugu ɗaya, 'yan amshi suna dawo da baiti ɗaya, amma ba wanda yake cewa an gundure shi, domin baitocin da mawaƙin ke jerawa a kai su ne ke tafiya. A wurin Ravel babu kalmomi, launin sauti ne ya tsaya a matsayinsu.

Yadda kiɗan ya samu ma abin lura ne. Wata attajira 'yar rawa, haifaffiyar daular Rasha, Ida Rubinstein, ita ta nemi ya shirya mata kiɗan rawa mai ɗanɗanon Sifaniya. Da farko niyyarsa ya ɗauki wasu kiɗe-kiɗen fiyano na Isaac Albéniz, mai tsara kiɗa ɗan Sifaniya, ya faɗaɗa su, sai aka gano cewa an riga an ba wani makaɗin Sifaniya, Enrique Arbós, haƙƙin yin hakan, don haka ya zauna ya ƙirƙiri nasa. An fara nuna shi a gidan Opera na Paris ranar 22 ga Nuwamba 1928, a cikin wani shiri inda mace take rawa a kan teburi a wata mashaya maza suna kewaye da ita, ko da yake shi Ravel ya fi ganin kiɗan a gaban wata masana'anta mai injina. A 1930 mashahurin jagoran makaɗa Arturo Toscanini ya zo Paris da makaɗan New York ya kaɗa shi da sauri fiye da yadda aka rubuta, Ravel ya ƙi tashi ya karɓi tafin jama'a, suka yi sa-in-sa a bayan dandamali. A ganina Ravel ne ke da gaskiya, domin idan aka hanzarta bugun, ko aka bar shi yana ƙara gudu yayin da ƙarfi ke hawa, nacin da ke sa gaban mutum faɗuwa ya tafi.

Wannan son injina da son Sifaniya duka daga gida ya ɗauko su. An haife shi ranar 7 ga Maris 1875 a Ciboure, wani ƙaramin garin masunta a yankin Bask na kudu maso yammacin Faransa, kusa da iyakar Sifaniya. Mahaifiyarsa, Marie Delouart, 'yar ƙabilar Bask ce da ta zauna a Madrid, kuma waƙoƙin da take rera masa yana yaro sun bi shi har tsufansa. Mahaifinsa, Joseph Ravel, injiniya ne daga Suwizalan wanda ya yi aiki a kan injinan mota na farko-farko, yana kuma kai 'ya'yansa kallon masana'antu. Yana da 'yan watanni iyalin suka koma Paris, ya fara koyon fiyano yana ɗan shekara 7, ya shiga babbar makarantar kiɗa ta Paris a 1889. A wannan shekara ce aka yi babban baje koli na duniya a birnin, inda matasan makaɗa suka ji kiɗan tagulla na mutanen tsibirin Java da kuma kiɗan Rasha a ƙarƙashin jagorancin Rimsky-Korsakov, mai tsara kiɗa ɗan Rasha, abin da ya buɗe musu kunne ga launukan da makarantarsu ba ta koyarwa. Daga baya ya yi karatun tsara kiɗa a hannun Gabriel Fauré, wanda ya riƙe shi da mutunci a lokacin da sauran malamai suke masa kallon mai taurin kai.

Taurin kan nan ya jawo masa abin da ya fi ta da ƙura a ƙuruciyarsa. Akwai gasar da ake kira Prix de Rome, wadda wanda ya ci ake ɗaukar nauyinsa ya je Rum ya zauna yana aiki, kuma ita ce ƙofar ɗaukaka ga kowane matashin mai tsara kiɗa a Faransa. Sau biyar Ravel ya shiga tsakanin 1900 da 1905, mafi girman abin da ya samu shi ne matsayi na uku a 1901. A 1905 aka fitar da shi tun a zagayen share fage, alhali a lokacin ya riga ya rubuta Jeux d'eau, kiɗan fiyano da ke kwaikwayon wasan ruwa a maɓuɓɓuga, da kiɗansa na goge huɗu wanda har yau ake ji da shi. Da aka duba sai aka ga duk waɗanda suka tsallake ɗaliban malami ɗaya ne, Charles Lenepveu, wanda kuma yana cikin alƙalan gasar. Jaridu suka yi ca, shugaban makarantar Théodore Dubois ya sauka, aka naɗa Fauré a madadinsa. Shekarun da suka biyo baya su ne mafi yalwa a rayuwarsa: Rapsodie espagnole, da Gaspard de la nuit na 1908 wanda sashensa na ƙarshe yana cikin mafi wuyar abin da aka taɓa rubuta wa fiyano, da Daphnis et Chloé na 1912 da ya yi wa ƙungiyar rawa ta Diaghilev, mai shirya wasanni ɗan Rasha, inda akwai wani sashe da ke siffanta fitowar rana, sarewa suna kwarara kamar ƙorama, tsuntsaye suna farkawa, har muryoyin mutane su shigo ba tare da furta kalma ba. Ana yawan haɗa shi da Claude Debussy, wani mai tsara kiɗa ɗan Faransa, wanda ya girme shi da shekara 13, amma hannunsu ba ɗaya ba ne: Debussy yana son iyakoki su narke, Ravel kuwa yana son kowane layi ya fito tsaf, abin da ya sa Stravinsky, mai tsara kiɗa ɗan Rasha, ya kira shi gwanin maƙeran agogo na Suwizalan.

Wasu sun ɗauki wannan laƙabi a matsayin shaidar cewa mutumin ba shi da zuciya, sai lissafi. Ban yarda da su ba, kuma yaƙin duniya na farko ne hujjata. Yana da shekara 39 lokacin da yaƙin ya ɓarke, ga shi ɗan ƙaramin jiki marar nauyi, aka ƙi ɗaukarsa, amma ya yi ta naci har aka karɓe shi direban babbar mota, ya yi jigila a yankin Verdun a 1916, inda aka yi ɗaya daga cikin mafi munin gumurzun yaƙin. A cikin wannan hali ne wasu manyan makaɗa suka kafa ƙungiyar da ke neman a hana kaɗa sababbin ayyukan Jamusawa da 'yan Ostiriya a Faransa, suka nemi ya sa hannu, ya ƙi, ya rubuta musu cewa kiɗan ƙasar da ya toshe kunnensa daga na maƙwabta zai lalace ne kawai. Ya kamu da atini, aka yi masa tiyata, sannan mahaifiyarsa ta mutu a Janairun 1917, rashin da bai taɓa warkewa daga gare shi ba, domin bai yi aure ba kuma ita ce cibiyar rayuwarsa. Abin da ya fito daga waɗannan shekaru shi ne Le Tombeau de Couperin, kiɗan fiyano mai sassa shida a kan salon raye-rayen Faransa na ƙarni na 18, kowane sashe da sunan abokin da ya faɗi a fagen fama. Ɗaya daga ciki na wasu 'yan'uwa biyu ne, Pierre da Pascal Gaudin, abokan gidansu, waɗanda harsashin igwa ɗaya ya kashe su tare a 1914. Kiɗan ba ya kuka, yana tafiya da haske da ladabi, kuma wannan kamun kai ne ke sa ya fi taɓa mutum idan ya san sunayen da ke rubuce a saman kowane shafi.

Bayan yaƙi ya ƙi karɓar lambar girma ta Légion d'honneur a 1920, ya sayi wani ɗan gida a Montfort-l'Amaury, yamma da Paris, ya cika shi da ƙananan kayan wasa masu motsi da kansu da agogai da kyanwoyi, yana aiki a hankali ƙwarai, wani lokaci shekara ta wuce da aiki ɗaya kacal. A nan ne ya rubuta abin da nake ganin ya fi shafar mai karatu irinka, wato Chansons madécasses, waƙoƙi uku a kan Madagaska da ya kammala a 1926, na murya da sarewa da babban goge da fiyano. Baitocin na wani marubuci ne na ƙarni na 18, Évariste de Parny, haifaffen tsibirin Reyuniyon. Waƙa ta biyu tana buɗewa da kururuwa, tana gargaɗin mazauna gaɓar teku da su yi hattara da Turawa, tana ba da labarin yadda suka zo da daɗin baki aka ba su wuri, suka gina ganuwa, suka girke igwa, suka fara maganar biyayya da bauta, har mutanen ƙasa suka tashi musu. Da aka fara rera ta a Paris a 1925, lokacin da sojojin Faransa suke yaƙi da Abdulkarim, jagoran masu adawa da mulkin mallaka, a tsaunukan Rif na Maroko, wani daga cikin masu sauraro ya miƙe ya yi bore cewa ba za a yi irin wannan waƙa ana kashe 'yan ƙasarsu ba. Ka tuna cewa a waɗannan shekaru garinku ne hedikwatar mulkin mallakar Faransa a Nijar, kafin a mayar da ita Yamai. Ba na cewa Ravel ɗan gwagwarmayar 'yanci ne, kuma Madagaskar da ke cikin baitocin ta tunanin Bature ce wanda bai taɓa taka tsibirin ba, amma cikin baitoci da yawa na Parny shi ya zaɓi wannan, ya kuma ba ta kiɗa mafi zafi da ya taɓa rubutawa.

A 1928, kafin Boléro, ya yi rangadin wata huɗu a Amurka da Kanada, ya sadu da George Gershwin, mai tsara kiɗa Ba'amurke, ya shiga gidajen rawa na unguwar Harlem a New York yana sauraron jaz, ya kuma gaya wa Amurkawa cewa su daina raina wannan dukiya da ke hannunsu. Tasirin ya fito a manyan ayyukansa biyu na ƙarshe, dukansu na fiyano tare da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa. Ɗaya na hannun hagu ne kaɗai, wanda ya rubuta wa Paul Wittgenstein, makaɗin Ostiriya da ya rasa hannunsa na dama a yaƙin da Ravel ya yi a ɗaya ɓangaren. An tsara shi ta yadda idan ka rufe ido ba za ka taɓa cewa yatsu biyar ne ke aiki ba. Ɗayan kuma Marguerite Long ce ta fara kaɗa shi a Paris a Janairun 1932, matar da mijinta yana cikin mamatan da aka ambata a Tombeau. Sashensa na tsakiya doguwar waƙa ce da fiyano ke yi shi kaɗai na kusan minti uku, tana kwarara kamar ba a sha wahala ba, alhali Ravel ya ce gaɓa biyu-biyu ya riƙa haƙo ta, yana duban wani aikin Mozart, mai tsara kiɗa na ƙarni na 18, a matsayin madubi, har ta kusa kashe shi. Idan kana son ka san ko mutumin ya iya kari mai tafiya ba tare da maimaici ba, nan za ka je.

A Oktoban 1932 motar hayar da yake ciki ta yi karo a Paris ya bugu a kai, kuma daga shekarar da ta biyo baya wata cutar ƙwaƙwalwa, wadda alamunta sun fara bayyana tun kafin haɗarin, ta tsananta. Hankalinsa yana nan, yana gane kiɗa, yana ma iya nuna kuskure idan aka kaɗa aikinsa ba daidai ba, amma hannunsa ya daina bin umarninsa, har rubuta sunansa ya gagare shi. Yana da shirin wasan waƙa a kan Jeanne d'Arc, jarumar tarihin Faransa, wanda ya ce yana jin sa a kansa, bai iya sauke ko shafi ɗaya ba. Ida Rubinstein ta ɗauki nauyin tafiyarsa Sifaniya da Maroko a 1935 ko sauyin wuri zai taimaka, bai taimaka ba. An yi masa tiyatar ƙwaƙwalwa a Disamban 1937, ya mutu ranar 28 ga watan yana da shekara 62, aka binne shi a Levallois-Perret kusa da iyayensa.

Wannan ciwo ya sa wasu likitoci daga baya suka kawo ra'ayin cewa nacin da ke cikin Boléro alamar farkon cutar ce, tunda akwai masu irin wannan larura da sukan kama abu ɗaya su yi ta maimaitawa. Za ka ci karo da wannan magana a intanet, kuma ina ba ka shawara kada ka ɗauke ta da nauyi. Mai maimaitawa saboda larura ba ya iya dainawa, kuma ba ya shirya inda zai tsaya. Ravel kuwa ya faɗi abin da zai yi tun kafin ya fara, ya jera shigowa 18 ta yadda kowace ta fi ta baya nauyi da ɗan ƙanƙanin mataki, ya kuma ajiye sauyin tushe har gaɓoɓin ƙarshe. Bayan haka ya zauna tsakanin 1929 da 1931 ya rubuta waɗancan manyan ayyukan fiyano biyu a lokaci guda, ɗaya mai duhu da nauyi, ɗaya mai haske da barkwanci, kuma babu ɗayansu da ya yi kama da Boléro a gini.